Kilo Huɗu a Kafaɗar Soja

Bindigar da sojan ƙasa na Ingila ya yi yaƙin Napoliyon da ita, wadda ake kira Brown Bess, ta doshi kilo 5. Ta baki ake ɗura mata albarushi, kuma gwani ne ke harbi uku a minti ɗaya. Bayan ƙarni guda aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da Mauser ta Jamus da Lee-Enfield ta Ingila, kowacce kusan kilo 4. Wannan Lee-Enfield mai cin harsashi 10 ita mazan jiya na rundunar Afirka ta Yamma suka saɓa a dazukan Bama lokacin yaƙin Hitila.

Ba ƙwarewa maƙera suka rasa ba. Harsashin zamanin ne mai ƙarfi, in bindiga ta cika sauƙi sai ta shuri mai ita, hannu ya goce. Shi ya sa M1 Garand ta Amurka, ta 1936, ta kai kilo 4.3.

Jamusawa ne suka fara aiki da abin da fagen fama ya nuna: akasarin artabu a cikin mita 300 ake yinsa. Me za a yi da harsashin da ke kisa a nisan kilomita? Suka gajarta shi a bindigarsu ta StG 44. Tarayyar Sobiyet ta bi sahu da AK-47 ta Mikhail Kalashnikov, sannan AKM ta 1959 ta sauko zuwa kilo 3 da ɗoriya. A yaƙin Biyetnam, bindigar M16 ba ta cika kilo 3 ba in babu harsashi, kuma harsashinta mai milimita 5.56 kusan rabin nauyin na 7.62 ne da bindigar M14 ke ci.

To amma hafsoshi ba su san rangwame ba. Abin da aka rage a bindiga sai aka cike da ƙarin harsashi, daga baya aka ɗora mata madubin saiti da fitila.

Yanzu ma baya ake komawa. Sulken zamani ya sa Amurka ta nemi harsashi mai ratsa shi, a 2022 ta zaɓi bindigar kamfanin SIG Sauer mai milimita 6.8, wadda ake kira M7. Da abin rage ƙararta ta kai kusan kilo 4.5, harsashin da soja ke ɗauka kuwa ya ragu daga 210 zuwa 140.