Karrama ɗalibai masu binciken tsirrai: yadda ake yi da abin da ake dubawa

A kowace shekara masana kimiyyar tsirrai na Amurka kan hallara a babban taronsu, inda malamai da ɗalibai ke gabatar da sakamakon binciken da suka gudanar.

Akan bai wa ɗalibi kimanin minti 15 ya bayyana aikin da ya shafe shekara biyu ko uku yana yi, sannan ya amsa tambayoyin mahalarta. Wasu kuma kan liƙa bayanin aikinsu a kan allo, su tsaya kusa da shi suna yi wa masu wucewa ƙarin haske.

A cikin masu sauraro akwai alƙalai da ke bayar da maki. A ƙarshen taro ne ake bayyana sunayen waɗanda suka fi burge su.

Yawanci kyautar ba ta wuce takardar shaida da ɗan kuɗi kaɗan, amma tana da tasiri lokacin da ɗalibi ya fara neman aiki ko tallafin ci gaba da bincike.

Lambobin yabo

An kafa Ƙungiyar Masana Tsirrai ta Amurka, wato Botanical Society of America, a shekarar 1893, kuma tun 1914 take wallafa mujallarta ta bincike.

Ƙungiyar ta kasu zuwa sassa daban-daban, kuma da dama daga cikinsu suna da lambar yabo da suka keɓe wa ɗalibai.

Daga cikin fitattun akwai lambar Katherine Esau, wadda aka kafa a 1985 da gudummawar da malamar ta bayar da kanta. Ana bai wa ɗalibin babban digiri da ya fi iya gabatar da bincike kan ƙirar jikin tsirrai da yadda suke girma.

Akwai kuma lambar Isabel Cookson, wadda ake bai wa ɗalibin da ya yi fice a nazarin burbushin tsirran da suka rikiɗe suka zama dutse tun zamanin da.

Su wane ne masu sunayen?

An haifi Katherine Esau a 1898 a birnin da a yau ake kira Dnipro a ƙasar Yukiren. Iyalinta sun tsere zuwa Jamus bayan juyin juya halin Rasha, daga nan suka ƙaura zuwa jihar Kalifoniya a 1922.

A can ta yi aiki da wani kamfanin sukari, inda wata cuta ke nannaɗe ganyen bit, tsiron da ake samun sukari daga saiwarsa a ƙasashe masu sanyi. Wani ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ganye ne ke yaɗa cutar.

Binciken da ta yi ya taimaka wajen nuna cewa ƙwayar cutar tana bin jijiyoyin da ke ɗaukar abinci daga ganye zuwa sauran sassan tsiro. Littafinta na 1953 kan ƙirar jikin tsirrai ya zama abin karantarwa a jami'o'in ƙasashe da dama, kuma a 1989 ta samu lambar kimiyya ta ƙasa a Amurka. Ta rasu a 1997 tana da shekara 99.

Ita kuwa Isabel Cookson 'yar ƙasar Ostireliya ce, wadda ta rayu daga 1893 zuwa 1973. Ta yi aiki tare da William Lang na Jami'ar Manchester kan wasu daga cikin tsirran farko da suka tsiro a doron ƙasa, waɗanda masana suka ƙiyasta shekarunsu sun haura miliyan 400. A 1937 Lang ya raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna Cooksonia domin girmama ta.

Abin da alƙalai ke dubawa

Ƙa'idojin sun bambanta daga taro zuwa taro, amma akwai abubuwan da kusan ko'ina ake la'akari da su.

Na farko shi ne tambayar da ɗalibin ya sa a gaba: shin a bayyane take, kuma gwajin da ya tsara zai iya amsa ta?

Na biyu shi ne abin kwatance. Idan ɗalibi ya ce wani taki ya ƙara wa masara tsawo, dole ya nuna masarar da aka shuka a irin ƙasar, da irin ruwan, amma ba a zuba mata takin ba. In babu wannan, ba wanda zai iya sanin ko takin ne ya yi aiki ko damina ce ta yi kyau.

Na uku shi ne maimaici. Tukunya ɗaya ko kunya ɗaya ba ta isa hujja, domin tsirrai na bambanta da juna ko da irinsu ɗaya ne.

Na huɗu shi ne riƙon amana wajen bayar da sakamako. Ɗalibin da ya faɗi inda gwajinsa ya gaza kan fi samun maki a kan wanda ya zuzuta abin da ya gano.

Na ƙarshe shi ne iya bayani, musamman lokacin tambayoyi, domin a nan ne ake gane ko ɗalibin ya fahimci aikin ko kuwa haddace jawabin ya yi.

Misali daga Ireland

Irin wannan karramawa ba ta tsaya ga ɗaliban jami'a ba. A Jamhuriyar Ireland ana gudanar da baje kolin kimiyya na 'yan makarantun sakandare tun 1965, kuma a watan Janairu ake yin sa a birnin Dublin.

A 2013 wasu ɗalibai mata uku daga garin Kinsale da ke gundumar Cork, wato Ciara Judge da Émer Hickey da Sophie Healy-Thow, suka lashe babbar kyautar.

Aikin nasu ya samo asali ne daga lambun gida, inda Émer da mahaifiyarta suka lura da wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu kama da ƙuraje a saiwar wani nau'in wake.

A cikin ƙulle-ƙullen ne ƙwayoyin bakteriya da ake kira Rhizobium ke zaune. Suna janyo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abin da tsiro zai iya amfani da shi, shi kuma tsiron ya ba su sukari.

Haka abin yake a saiwar wake da gyaɗa da waken suya, kuma yana cikin dalilan da suka sa manoman ƙasar Hausa ke ganin amfanin haɗa wake da gero ko dawa a gona ɗaya.

Tambayar ɗaliban ita ce: me zai faru idan aka haɗa waɗannan ƙwayoyi da irin hatsi, wanda saiwarsa ba ta yin ƙulle-ƙullen? Sun gwada dubban ƙwayoyin iri, suna lura da lokacin da kowace ta tsiro.

A cewarsu, saurin tsirowar irin ya ƙaru da har kashi 50 cikin 100, yayin da nauyin busasshen tsiron sha'ir ya ƙaru da har kashi 74 cikin 100.

A wannan shekarar sun kuma samu kyautar farko a gasar matasan masana kimiyya ta Tarayyar Turai da aka yi a birnin Prague. A 2014 suka lashe babbar kyautar gasar kimiyya ta Google.

Me ya sa ake damuwa?

Shinkafa da alkama da masara kaɗai ke samar da kimanin rabin kuzarin da bil Adama ke samu daga tsirrai, kuma cututtuka da fari na barazana ga dukkansu.

Duk da haka malamai sun daɗe suna kokawa cewa ɗalibai sun fi karkata ga likitanci da nazarin dabbobi. A ƙarshen shekarun 1990 wasu malamai biyu a Amurka, James Wandersee da Elisabeth Schussler, sun kira wannan hali makantar tsirrai, wato mutum ya riƙa wuce itatuwa da ciyayi kullum ba tare da ya lura da su ba.

Masu shirya tarukan na ganin lambobin yabo a matsayin hanyar jawo matasa da riƙe su a fagen. Tarihi ma ya nuna cewa aikin ɗalibi na iya sauya kimiyya: Harriet Creighton tana ɗalibar babban digiri a Jami'ar Cornell lokacin da ita da Barbara McClintock suka nuna a 1931, ta hanyar nazarin masara, cewa zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado kan yi musayar sassa a tsakaninsu.

Iyakar lambar yabo

To sai dai kuma lashe kyauta ba ya tabbatar da ingancin sakamako. Sai an wallafa binciken bayan wasu masana sun tantance shi, sannan wasu sun maimaita gwajin sun samu irin abin da aka samu. Sau da yawa abin da ya yi kyau a tukunya ba ya yin haka a gona.

Haka kuma masu sauraro kan yi kuskure. A 1951 McClintock ta gabatar da bincikenta a Cold Spring Harbor da ke jihar New York, inda ta ce wasu ƙwayoyin gado a masara na ƙaura daga wuri zuwa wuri. Kaɗan ne daga cikin mahalarta suka fahimce ta.

Sai a 1983, shekara 32 bayan wancan jawabi, aka ba ta kyautar Nobel saboda wannan binciken.