Dokokin futsal: abin da ya kamata masu shirya gasar ƙaramin fili su sani kafin a busa usur

A Agadas, daga Sabon Gari zuwa Dagamanet da Toudou, duk inda aka sami sarari mai faɗi za ka ga matasa sun dasa duwatsu biyu ko sun kafa ƙananan raga suna taka leda. Lokacin babban hutu ko cikin daren azumi, wasan yakan zama gasa sosai, da kuɗin rajista da kofi da ƴan kallo. A nan ne kuma rigima take farawa. Wani ya ce an yi satar gida, wani ya ce ai babu ita a ƙaramin fili. Wani ya ɗauki ƙwallo zai yi jifa da hannu, a ce masa da ƙafa ake yi. Sau da yawa ba son zuciyar alƙalin wasa ba ne, dokoki ne iri uku aka cakuɗa wuri guda: na babban fili, na marakana da na futsal. Ga bayanin dokokin futsal kamar yadda hukumar FIFA ta tsara su, domin masu shirya gasa da alƙalai da ƴan wasa su zama bakinsu ɗaya.

Mene ne futsal?

Futsal ƙwallon ƙafa ce ta mutum biyar-biyar da ake bugawa a kan daɓe mai santsi, galibi cikin zaure mai rufi. Wani malamin motsa jiki mai suna Juan Carlos Ceriani ne ya ƙirƙiro ta a birnin Montevideo na ƙasar Urugwai a 1930, daga nan ta bazu zuwa Birazil. Sunan ya fito ne daga harsunan Sipaniya da Fotugal, ma'anarsa ƙwallon zaure.

FIFA ta shirya gasar cin kofin duniya ta farko a Holan a 1989, Birazil ta ɗauka. Zuwa gasar 2024 da aka yi a Uzbekistan, Birazil ta ci kofin sau 6, Sipaniya sau 2, Ajantina da Fotugal sau ɗai-ɗai. A Afirka kuwa Masar ce ta lashe gasanni uku na farko a 1996 da 2000 da 2004, Libiya ta ci a 2008, sannan Maroko ta riƙe kofin a 2016 da 2020 da 2024.

Kada a haɗa ta da marakana, wadda ta samo asali daga Kodebuwa kuma aka san ta sosai a nan Nijar. Ita marakana mutum shida-shida ake yi, babu mai tsaron gida. Haka kuma akwai wani salon na Amurka da ake kewaye fili da bango, ƙwallo ta bugi bango ta dawo a ci gaba da wasa. A futsal babu bango, layi ne iyaka, kuma akwai gola.

Fili, raga da ƙwallo

Ga wasannin ƙasa da ƙasa, tsawon fili mita 38 zuwa 42 ne, faɗinsa mita 20 zuwa 25. Ga wasannin cikin gida an sassauta: tsawo mita 25 zuwa 42, faɗi mita 16 zuwa 25. Ke nan filin ƙwallon hannu mai mita 40 da 20 ya yi daidai, har ragarsa ma ɗaya ce da ta futsal, wato faɗi mita 3, tsayi mita 2. A ɗaure ragar ko a danne ta da nauyi don kada ta faɗo kan yaro.

Akwai ɗigo biyu a gaban kowace raga. Na farko yana mita 6, nan ake buga fenariti. Na biyu yana mita 10, aikinsa zai zo nan gaba. Da'irar tsakiyar fili mita 3 ce daga ɗigon tsakiya.

Ƙwallon futsal lamba 4 ce, ta fi ta babban fili ƙanƙanta, nauyinta giram 400 zuwa 440. Babban sirrinta shi ne ba ta tsalle sosai. In an sake ta daga tsayin mita 2, tashinta na farko bai kamata ya gaza santimita 50 ko ya wuce 65 ba. Shi ya sa take lafewa a ƙafa, wasan ya zama na ba-ni-in-ba-ka a ƙasa. Wanda ya kawo ƙwallon babban fili kan siminti zai wuni yana bin ta a waje.

Takalmi mai ƙusoshi bai halatta ba, sai mai tafin roba. Kariyar ƙwauri wajibi ce. Zobe da sarƙa da agogo da duk abin da zai iya yi wa wani rauni, a cire su kafin shiga.

Ƴan wasa da canji

Kowace ƙungiya na da mutum biyar a fili, ɗaya daga ciki gola ne. Ba a fara wasa in ƙungiya ba ta da aƙalla mutum uku. A gasannin hukuma ana iya ajiye ƴan canji har tara a benci.

Canji ba shi da iyaka, kuma ba sai an tsayar da wasa ba. Wanda ya fita yana iya dawowa sau nawa aka ga dama. Sharaɗi biyu ne kawai: a bi ta wurin canji mai tsawon mita 5 da ke gaban bencin ƙungiya, kuma mai fita ya fita gaba ɗaya kafin mai shiga ya taka layi. Wanda ya yi gaggawar shiga zai sha katin gargaɗi. Ga garinmu da zafi kan haura digiri 40 a watannin Afirilu da Mayu da Yuni, wannan doka rahama ce, domin mai horarwa na iya hutar da yaro duk bayan ƴan mintoci ya sha ruwa.

An kuma yarda ƙungiyar da ake ci ta cire gola ta sa ɗan wasan fili a madadinsa, su taso su biyar gaba. Sai dai dole ya sa riga mai launin ta gola, don alƙali ya gane wanda ke da ikon kamawa da hannu.

Lokacin wasa

Zubi biyu ne, kowanne minti 20, da hutun rabin lokaci da bai wuce minti 15 ba. Amma fa minti 20 ɗin na wasa ne zalla: duk lokacin da ƙwallo ta fita ko aka busa laifi, agogo ya tsaya. Don haka wasa ɗaya kan ci fiye da awa guda, kuma faɗuwa ƙasa don cin lokaci ba ta da amfani.

Kowace ƙungiya na da damar neman hutun minti ɗaya a kowane zubi, in ƙwallo ta fita kuma ita ce za ta dawo da ita. Wanda bai yi amfani da nasa a zubin farko ba, ya wuce, ba a tara masa. A ƙarin lokaci babu wannan hutu.

Alƙalai biyu ne ke busa wasa, kowa na bin layin gefensa. A teburi kuma akwai mai riƙe agogo da alƙali na uku da ke ƙirga laifuffuka yana lura da canji.

Dokar sakan huɗu

Wannan ita ce ke ba futsal saurinta. Duk wanda zai dawo da ƙwallo cikin wasa, daga gefe ne ko kwana ko bugun tazara, sakan huɗu gare shi, alƙali na ƙirgawa da yatsu kowa na gani. In ya wuce, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Su kuma wajibi ne su ja baya mita 5.

In ƙwallo ta fita ta gefe, abin da ƴan wasa ke ce wa tush, ba a jifa da hannu. Ana ajiye ta kan layi ta tsaya cak, a buga da ƙafa. Ba a cin ƙwallo kai tsaye daga nan, sai wani ya taɓa. In ta fita ta bayan raga daga ƙafar masu kai hari, gola ne zai jefa ta da hannu daga cikin da'irarsa, babu bugun gola irin na babban fili. In wasa cikin zaure ne ƙwallo ta bugi rufi, ana ba ɗaya ɓangaren bugun gefe.

Satar gida kuwa, wadda wasu ke kira orje, babu ita a futsal ko kaɗan. Ɗan wasa na iya tsayawa gaban gola ya jira.

Abin da aka hana gola

A nan ne aka fi yin kuskure. Gola ba ya riƙe ƙwallo fiye da sakan huɗu a rabin filinsu, da hannu ne ko da ƙafa. Ba ya kama ƙwallon da abokin wasansa ya bugo masa da ƙafa da gangan. Sannan in ya riga ya ba da ƙwallo, ba zai sake taɓa ta a rabin filinsu daga ƙafar nasa ba, har sai ɗan ɗaya ƙungiyar ya taɓa ta. Hukuncin kowanne daga cikin ukun nan bugun tazara ne irin wanda sai wani ya taɓa kafin ta shiga raga. In gola ya tsallaka tsakiyar fili, waɗannan takunkumai na sakan huɗu da na sake taɓawa sun faɗi, ya zama kamar kowa.

Tara laifuffuka da bugun mita 10

Duk laifin da ke jawo bugun tazara na kai tsaye, kamar taɗiya da turi da riƙo da taɓa ƙwallo da hannu, ana rubuta wa ƙungiya shi. Biyar na farko a kowane zubi, ana iya kafa katanga kamar yadda aka saba. Daga na shida zuwa sama, babu katanga: ana ajiye ƙwallo a ɗigon mita 10, daga mai bugu sai gola, kuma gola ba zai matso kusa da ƙwallo fiye da mita 5 ba. In an yi laifin a wurin da ya fi ɗigon kusa da raga amma wajen da'ira, mai bugu na da zaɓi, ko can ko ɗigon mita 10. Laifin cikin da'ira kuwa fenariti ne daga mita 6.

Ana share lissafin in an dawo daga hutun rabin lokaci, amma na zubi na biyu yana bin ƙungiya har cikin ƙarin lokaci. Hikimar dokar a fili take. Ƙungiyar da ta dogara da ƙarfi da keta za ta biya da kanta, kuma a kan siminti, inda faɗuwa ɗaya kan iya karya hannu, wannan kariya ce ga yara. Zamiya don ƙwato ƙwallo ba haramun ba ce a dokar yanzu, amma in an yi ta da ganganci ko ƙarfin da ya wuce kima, laifi ne.

Jan kati

Wanda aka kora ya tafi ke nan, ba ya dawowa kuma ba ya zama a benci. Ƙungiyarsa za ta yi minti biyu da mutum huɗu, sannan wani ya shigo. In an ci su kafin minti biyun su cika, nan take za su cike gurbin. In su ne suka ci, sai sun jira lokacin ya ƙare.

Abin da ya rage ga kwamitin gasa

Dokar FIFA ta tsara abin da ke faruwa cikin fili, amma akwai abubuwan da ta bar wa masu gasa, kuma su ne suka fi haddasa faɗa. Ya kamata a rubuta su a takarda, shugaban kowace ƙungiya ya sa hannu kafin wasan farko:

1. Agogo mai tsayawa za a yi ko mai tafiya? Inda babu mai riƙe agogo na musamman, a faɗi tsawon zubi tun farko, kowa ya sani.
2. Maki nawa ne nasara da kunnen doki, kuma me zai raba ƙungiyoyin da makinsu ya zo ɗaya: karawar da suka yi da juna ko yawan ƙwallaye?
3. A zagayen kifa ɗaya ƙwala, za a yi ƙarin lokaci ko kai tsaye bugun fenariti? Dokar yanzu bugu biyar-biyar ce, a da uku-uku ne, shi ya sa ake samun saɓani.
4. Minti nawa za a jira ƙungiyar da ta makara kafin a ba abokiyar karawarta nasara?
5. Wasa nawa mai jan kati zai rasa, kuma katin gargaɗi nawa ke jawo dakatarwa?
6. Iyakar shekaru da takardar da za a nuna, da hana ɗan wasa ɗaya buga wa ƙungiyoyi biyu.
7. Wa zai saurari ƙorafi, cikin awa nawa, kuma yaya za a raba kyauta daga kuɗin rajista?

In filin ƙasa ne ko yashi, ko ragar duwatsu ce, babu laifi a daidaita wasu abubuwa da halin da ake ciki, muddin an sanar da kowa tun kafin a fara. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a sauya doka ana tsakiyar gasa saboda ƙungiyar unguwar wane ta shiga matsala.

Masu son gasarsu ta samu amincewar hukuma ko su samu alƙalan da aka horar, sai su tuntuɓi reshen jiha na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT. Cikakken littafin dokokin futsal kuma yana nan kyauta a shafin intanet na FIFA, har da na Faransanci. FIFA kan yi masa ƴan gyare-gyare lokaci zuwa lokaci, don haka a duba na baya-bayan nan, a buga kwafi ɗaya a ajiye a teburin alƙalai ranar wasa.