Kyamara mai bin motsi

Kyamara mai bin motsi wata na'ura ce da ke ɗaukar hoton bidiyo, ta gano abin da ke motsi a gabanta, sannan ta juya kanta da taimakon ƙaramin injin lantarki domin abin ya kasance a tsakiyar hoton. Ɗalibai da masu sha'awar harhaɗa kayan lantarki suna yawan gina ta a gida ko a makaranta, domin ta haɗa fannoni uku a aiki ɗaya: sarrafa hoto da kwamfuta, rubuta manhaja, da sarrafa injuna. Irin wannan tsari ne ake amfani da shi a kyamarorin tsaro masu juyawa da kansu, da kyamarorin ɗakin taro da ke bin mai magana.

Tarihi

Dabarun da na'urar ke dogaro da su sun girme ta da shekaru masu yawa. A 1981 Bruce Lucas da Takeo Kanade suka wallafa hanyar lissafa yadda ɗigon hoto ke gusawa daga hoto ɗaya zuwa na gaba. A 2001 Paul Viola da Michael Jones suka fitar da hanyar gano fuskar mutum cikin sauri, wadda ko kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi za ta iya aiwatarwa. Kamfanin Intel ya fara aikin OpenCV a 1999 ƙarƙashin jagorancin Gary Bradski. OpenCV rumbun manhaja ne na kyauta da ya tattara irin waɗannan dabaru wuri guda, kuma shi ne yawancin masu ginin ke amfani da shi har yau, galibi da harshen Python.

Abin da ya kawo aikin hannun talakawa shi ne arhar kayan. An ƙirƙiri allon Arduino a 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya domin ɗaliban zane. A 2012 gidauniyar Raspberry Pi ta Ingila ta fitar da ƙaramar kwamfuta mai girman katin banki, kuma a 2013 ta fitar mata da kyamara mai fiksel miliyan 5. Kyamara ta biyu mai fiksel miliyan 8 ta fito a 2016, ta uku mai miliyan 12 kuma a 2023.

Kayan aiki

Na'urar tana buƙatar kyamara, da kwamfutar da za ta duba hotunan, da injin juyawa, da abin ɗora kyamarar, da wutar lantarki. Kyamarar na iya zama ta Raspberry Pi ko kyamarar kwamfuta ta yau da kullum mai igiyar USB. Arduino Uno ba ya iya sarrafa bidiyo, domin ma'ajiyar aikinsa kilobait 2 ce kacal. Saboda haka wasu kan raba aikin gida biyu: babbar kwamfuta ta duba hoto, ta aika wa Arduino umarni ta igiyar USB, shi kuma ya juya injin.

Injin da aka fi amfani da shi shi ne sarbo, kamar samfurin SG90 mai nauyin giram 9, wanda ke juyawa kusan digiri 180. Yana da wayoyi uku: ta wuta, ta ƙasa, da ta umarni. Ana aika masa bugun lantarki sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma tsawon bugun ne ke faɗa masa inda zai tsaya. Bugu mai tsawon milisakan 1.5 yana kai shi tsakiya, na kusan milisakan 1 ya kai shi gefe ɗaya, na kusan milisakan 2 ya kai shi ɗaya gefen. Ana haɗa sarbo biyu, ɗaya ya riƙa juya kyamara hagu da dama, ɗayan sama da ƙasa.

Akwai kuma inji mai tafiya taki-taki. Yawancin irinsa suna gusawa digiri 1.8 a kowane taki, wato taki 200 su zagaya sau ɗaya. Yana iya zagayawa ba iyaka, amma bai san inda yake ba idan an kunna shi, kuma sai an haɗa shi da allon tuƙi na musamman kamar A4988.

Yadda take gano motsi

Hanya mafi sauƙi ita ce kwatanta hotuna biyu da ke bin juna. Manhaja tana mayar da kowane hoto toka-toka, ta ɗan dusashe shi domin rage ƙananan ɗigogin da kyamara ke haifarwa da kanta, sannan ta cire darajar hasken kowane fiksel na hoton baya daga na yanzu. Inda bambancin ya wuce iyakar da aka sa, nan ake ɗauka an yi motsi. Daga nan sai a zana kewayen wuraren da suka canza, a zaɓi mafi girma, a lissafa tsakiyarsa.

Wannan hanya tana da babban aibi: da zarar kyamarar ta juya, bango da ƙasa da komai na cikin hoton zai zama kamar yana motsi. Akwai mafita guda uku. Ta farko, kyamara ta juya, ta tsaya, ta jira hoto ya natsu kafin ta sake dubawa. Ta biyu, a kafe kyamara wuri ɗaya, injin ya riƙa juya wani abu dabam kamar fitila ko kyamara ta biyu. Ta uku, a daina neman motsi zalla, a riƙa neman takamaiman abu, kamar ƙwallo mai launi ɗaya ko fuskar mutum. Sababbin ayyuka suna amfani da tsarin ƙirƙirarriyar basira irin YOLO, wanda ke bambance mutum da mota da kare, sai dai yana cin ƙarfin kwamfuta sosai.

Yadda take juya injin

Bayan an san inda abin yake, sai a auna nisansa daga tsakiyar hoton. A hoto mai faɗin fiksel 640 da tsayin 480, tsakiya tana kan 320 da 240. Idan abin yana kan fiksel na 420, ya kauce da fiksel 100 zuwa dama. Kyamarar Raspberry Pi ta biyu tana ganin faɗin kusan digiri 62, wato kowane fiksel ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na digiri. Ke nan ana buƙatar juyawa ta kusan digiri 10.

Idan aka juya digiri 10 ɗin a lokaci guda, kyamara takan wuce abin, ta dawo, ta sake wucewa, ta yi ta kai-komo. Dalili shi ne hoton da ake aiki da shi ya riga ya tsufa da ɗan lokaci kafin umarni ya isa ga injin. Don haka ake juya wani kaso kaɗan na kaucewar a kowane zagaye, kuma a ware ɗan fili a tsakiyar hoto inda injin ba zai motsa ba sam. Masu son motsi mai laushi suna amfani da tsarin lissafi na PID, wanda ke duba girman kaucewar, da yadda ta taru, da saurin canjawarta. Injiniya Nicolas Minorsky ne ya bayyana ka'idarsa a 1922 domin tuƙin jiragen ruwan sojan Amurka.

Matsalolin da aka saba fuskanta

Mafi yawan matsala daga wuta take. Sarbo yana jan wuta da yawa lokacin da ya fara motsi, kuma idan daga allon Raspberry Pi yake sha, kwamfutar na iya mutuwa ta sake tashi. Ana ba injin wutarsa dabam mai folt 5, amma dole a haɗa wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu. Wata matsalar ita ce rawar da sarbo ke yi idan manhaja ce ke samar da bugun, domin kwamfutar tana yin wasu ayyuka a lokaci guda. Allon PCA9685, mai iya tuƙa sarbo 16, yana magance wannan. Inuwa, giftawar gajimare da ganyen bishiya ma suna ruɗar manhaja, shi ya sa ake umartar ta ta yi watsi da motsin da bai kai wani girma ba. Rage girman hoto zuwa fiksel 320 da 240 yana ƙara saurin aiki, domin fiksel ɗin da za a duba sun ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Amfani da doka

Ana amfani da na'urar wajen koyar da ɗalibai, kallon tsuntsaye da dabbobi, ɗaukar malami yana zagayawa a aji, da gadin gida ko shago. Tun da tana ɗaukar hoton mutane, dokokin kare bayanan sirri na iya hawa kanta idan ta leƙa titi ko gidan maƙwabta. Dokar Tarayyar Turai kan haka ta fara aiki a 2018, Najeriya kuma ta kafa tata a 2023.