Hoton wuya da zuciya

Hoton wuya da zuciya reshe ne na rediyoloji, ilimin duba cikin jiki ba tare da an yanka ba. Tushensa hasken eksire ne da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Duba zuciya da sauti kuwa, Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara shi a Lund ta ƙasar Suwidin a 1953.

A hoton ƙirjin babba wanda aka ɗauka daga baya, faɗin zuciya bai kamata ya wuce rabin faɗin ƙirji ba. In ya wuce, a nemi dalili, hawan jini na cikin manyan dalilai.

A wuya, sikanin, wato duba da sauti, shi ne abokin mai koyo. Ƙullin tayirod, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, yana rungume da maƙogwaro ta gaba. Gefensa akwai jijiyoyin jini biyu: ka danna na'ura kaɗan, mai mayar da jini zuciya ta lotse, mai kai jini ka ta tsaya zagaye tana bugawa. Wannan ɗan gwaji ya cancanci a maimaita shi har hannu ya saba.

Ga mutumin Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, da ke buƙatar irin wannan hoto, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya fi birnin Katsina kusa.