Ruth Brown: Matar Da Aka Kora Daga Laburare Bayan Shekara 30

Yau Amurka muka nufa, shekarar 1950, wani ƙaramin gari mai arzikin man fetur da ake kira Bartlesville a jihar Oklahoma.

A garin nan akwai wata mata, Ruth Brown, wadda ke riƙe da laburaren gwamnati tun 1919. Lokacin kuwa tsoron kwaminisanci ya cika Amurka, da an ce maka ɗan kwaminis, to aikinka ya tafi. Sai wasu mutanen gari suka kai ƙararta gaban majalisar gari, wai tana ajiye mujallu masu gurɓata tunani. Suka lissafo guda uku: The Nation, The New Republic da Soviet Russia Today.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. A zamanin ana wariyar launin fata a Oklahoma, ita kuwa Ruth, duk da farar fata ce, tana cikin masu yaƙar wariyar. A watan Fabrairun 1950 ta shiga wani shago da ake sayar da abinci tare da malamai biyu mata baƙaƙen fata, suka zauna suka nemi a kawo musu, aka hana su. Ba a jima ba sai ga ƙarar mujallu ta taso.

Kwamitin da ke kula da laburaren ya duba lamarin, ya goyi bayanta. Me majalisar gari ta yi? Ta sauya doka, ta rushe kwamitin, ta naɗa sabo. Ranar 25 ga Yuli, 1950, aka sallame ta. An kai magana har kotun ƙolin jihar, a 1952 kotu ta ba majalisa gaskiya.

To ina ƙa'idar aiki ta shigo? Tun 1939 ƙungiyar laburare ta Amurka ta fitar da ƙa'ida, ta ƙara mata ƙarfi a 1948: laburare na kowa ne, a ajiye ra'ayin kowane ɓangare, ba a cire littafi don wani mai iko bai son abin da ke ciki. Wato ajiye mujalla ba ya nufin ka yarda da ita. Aikinka ka ba mai karatu dama ya karanta, ya yanke hukunci da kansa. A kan wannan Ruth ta tsaya, ta kuma rasa aikinta.

Ta rasu a 1975. A 2007, an kafa mutum-mutuminta a laburaren da aka kore ta daga cikinsa don girmamawa.

Kai da ke karanta wannan, da kai ne, albashinka a hannun masu cewa cire littafin nan, ya za ka yi? Mu ji ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.