Tarihin Kafuwar Ƙungiyar Malaman Jami'o'in Nijeriya

A cikin shekara ta 1973, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, malaman jami'o'in ƙasar nan suka ajiye aiki suna neman a duba albashinsu, wanda tsadar rayuwa ta bayan yaƙin basasa ta riga ta cinye. Amsar da hukuma ta ba su kuwa gajeruwa ce ƙwarai, wato ko dai su koma aji, ko kuma su kwashe kayansu su fita daga gidajen jami'a da suke zaune a ciki. Mutumin da ke da mata da 'ya'ya, ba shi da ko ɗaki guda na kansa a garin da yake aiki, ba ya bukatar a maimaita masa irin wannan magana sau biyu, saboda haka malamai suka koma bakin aiki kansu a sunkuye. Ƙungiyar da suke da ita a lokacin, wadda aka kafa tun 1965 domin malaman jami'o'i biyar na farko, wato Ibadan da Nsukka da Legas da Ife da Ahmadu Bello ta Zariya, ba ta wuce majalisar manyan ma'aikata masu kula da jin daɗin junansu ba, kuma a ranar nan ta tabbata ga kowa cewa ba ta da ƙarfin da za ta tsaya gaban soja.

Wannan wulakanci, a ganina, shi ne asalin ƙungiyar da ake kira ASUU, ko da yake sai a 1978 aka raɗa mata suna. A tsakanin shekarun nan biyar al'amura sun sauya ainun, domin a 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in da a da suke hannun jihohi, ta kuma aza harsashin wasu sababbi guda bakwai, cikinsu har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, ta yadda malamin Zariya da na Nsukka suka wayi gari ubangidansu ɗaya ne, kukansu ma ɗaya. A watan Afrilu na 1978 aka ƙara wa ɗalibai kobo hamsin a kan kuɗin abincinsu na yini, rikici ya ɓarke, aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗaliban, aka kuma kori wasu malamai da ake zargi da goya musu baya. Ƙungiyar da aka haifa cikin irin wannan yanayi ba ta ɗauki kanta a matsayin mai cinikin albashi kaɗai ba. Tun farko ta yi iƙirarin cewa jami'a amana ce ta al'umma, kuma malami yana da haƙƙin ya yi magana a kan yadda ake ba ta kuɗi, da yadda ake naɗa shugabanninta, da abin da ake koyarwa a cikinta.

Shugabanninta na farko sun tabbatar da wannan ɗabi'a. Bayan Biodun Jeyifo na Ife, jagoranci ya zo hannun marigayi Dakta Mahmud Modibbo Tukur, masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi zurfin bincike a kan yadda Turawan Ingila suka mallake Arewa, wanda kuma ya kusantar da ƙungiyar ga ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, bisa hujjar cewa shehin malami da leburan jirgin ƙasa duk ma'aikata ne masu cin guminsu. Da Janar Babangida ya shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi warwas, littafin da ake saya daga waje ya gagari ɗakin karatu, mujallun ilimi suka daina zuwa, ƙwararrun likitoci da injiniyoyi suka fara ficewa zuwa Saudiyya da Amurka da Ingila, sai ASUU ta zama ɗaya daga cikin 'yan muryoyin da suka fito fili suka ce wannan hanya ba za ta ɓulle ba. An kori shugabanta Festus Iyayi daga Jami'ar Benin a 1987, kuma a watan Agusta na 1988, lokacin da Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ke riƙe da ragama, aka haramta ƙungiyar, aka ƙwace dukiyarta, aka tsare wasu daga cikin jagororinta.

Akwai wanda zai ce bai dace da martabar malami ya tsaya jayayya a kan kuɗi ba, tun da ilimi abu ne da ake bayarwa domin Allah. Wannan shubuha malaman fiƙihu sun daɗe da warware ta, domin a mazhabar Malikiyya an halatta karɓar lada ko a kan koyar da Alƙur'ani, kuma kuɗin Laraba da iyaye ke aika wa malamin allo shaida ce cewa al'ummarmu ta san mai koyarwa yana da ciki, yana da iyali, kuma idan aka bar shi da yunwa karatun ne zai tagayyara.

Babbar nasarar ƙungiyar ta zo ne a 1992, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna cin moriyarta ba su san daga inda ta fito ba. An ɗage haramcin a 1990, aka sake mayar da shi a tsakiyar yajin aikin 1992, amma duk da haka gwamnati ba ta sami mafita ba sai da ta zauna da mutanen da ta ce ba ta san da zamansu ba, aka sa hannu a kan yarjejeniya ranar 3 ga Satumba na shekarar. A wurin tattaunawar, da wakilan hukuma suka kafe a kan cewa babu kuɗi a baitulmali, malaman ba su tsaya ga ƙorafi ba, sai suka kawo shawarar inda za a samo kuɗin, wato a ɗora wa kamfanonin da ke kasuwanci a ƙasar harajin kashi biyu cikin ɗari na ribarsu, a keɓe shi domin ilimi, tun da su ne ke ɗaukar waɗanda jami'a ta yaye aiki. Aka zartar da dokar a 1993, kuma wannan asusu ne aka sake wa fasali a 2011 ya zama TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantu. Duk wanda ya shiga harabar wata jami'ar gwamnati a yau, ya ga sabon zauren lacca ko ɗakin gwaje-gwaje da sunan asusun a rubuce a jikin bango, ko ya ji an ce wani ƙaramin malami ya tafi Malesiya neman digiri na uku da kuɗin asusun, to, yana kallon abin da yajin aikin 1992 ya haifar ne.

Daga nan kuwa tarihin ya zama tarihin alkawari da saɓa shi. An sake haramta ƙungiyar a 1996 zamanin Abacha. An yi yarjejeniya a 2001, shekarar da aka kori malamai 49 daga Jami'ar Ilorin, waɗanda sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su. An kuma yi wata yarjejeniyar a 2009, wadda aka shardanta za a riƙa sabunta ta bayan kowace shekara uku. Kwamitin da gwamnati da kanta ta naɗa a 2012, ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu, domin ya zagaya jami'o'i ya ga halin da suke ciki, ya dawo da rahoton da ya gaskata malaman: ɗalibai a cunkushe, wasu a zaune a ƙasa, wasu suna leƙen lacca ta taga, kuma a wasu ɗakunan gwaje-gwaje risho ake kunnawa a maimakon na'urar da ta kamata. A kan wannan rahoto aka yi yajin 2013 na wata biyar da 'yan kai, wanda ya ƙare da alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida, aka biya kason farko na biliyan 200, sauran kuwa aka shiga jan ƙafa. A cikin wannan yajin ne Festus Iyayi ya rasu a haɗarin mota kusa da Lakwaja, yana kan hanyarsa ta zuwa Kano taron ƙungiyar da ya yi wa hidima tun ƙuruciyarsa.

Adalci bai yarda a rufe ido daga ɗaya ɓangaren ba. Yajin aiki makami ne da aka ƙera domin ya cutar da ubangida, amma a jami'ar gwamnati wanda saran ke faɗa wa shi ne ɗan talaka, domin tun da aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a 1999, masu hali da masu mulki suka sami inda za su kai 'ya'yansu, in ba su tura su ƙetare ba. Yaron da ya shiga karatun shekara huɗu ya fita a shida, ya biya kuɗin hayar ɗakin da bai kwana a ciki ba, wani ma shekarunsa su haura talatin a hana shi bautar ƙasa. Yarinya kuwa sau da yawa zaman gidan nan ne ƙarshen karatunta, domin iyaye ba za su zuba mata ido babu wa'adi ba. Ina ganin nauyin laifin ya fi rinjaya a wuyan wanda ya sa hannu a takarda sa'an nan ya ƙi cikawa, domin alkawari kaya ne, kuma hukumar da ba ta jin kira sai an rufe makaranta ita ce ta koya wa malamai rufe makaranta. Amma ƙungiyar da ta ce jami'a amana ce, wajibi ne ta lissafa wannan hasara ta ɗalibai a cikin nata hisabin, ta kuma tsananta wa 'ya'yanta da ke wasa da aji ko suke zaluntar ɗalibi kamar yadda take tsananta wa gwamnati.

Yajin 2020 ya ɗauki wata tara, kuma jigonsa shi ne tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da ake sarrafawa daga Abuja, wanda malamai suka ce ya tauye 'yancin jami'a, har suka ƙirƙiro nasu tsarin suka miƙa a gwada. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, ba don an daidaita ba, sai don kotun ma'aikata ta ba da umarnin a koma aji. A watan ne kuma gwamnati ta yi wa wata kishiyar ƙungiya rajista, ta riƙe albashin watannin yajin bisa ƙa'idar ba aiki ba biya. Sai a watan Disamba na 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a fitar da jami'o'i daga wancan tsarin albashi, abin da malaman suka nema tun ranar da aka fara maganar shigar da su.