Tarihin Horar da Kare Mai Gurnani

A shekarar 1947 Rudolf Schenkel ya wallafa bincikensa kan kyarketan da aka tsare a gidan namun daji na Basel, a Suwizaland, inda ya ga suna faɗa kan shugabanci. Daga baya, bisa wannan binciken, masu horar da karnuka suka ɗauka cewa kare mai gurnani mulkin gida yake nema, sai su danne shi ƙasa ko su shaƙe shi da sarƙa. A 1999 David Mech, masani ɗan Amurka, ya nuna cewa garken kyarketai a daji iyaye ne da 'ya'yansu. Gurnani kuwa sau da yawa gargaɗi ne na tsoro ko ciwo, kuma karen da aka hana shi gurnani da duka yakan kai cizo ba sanarwa.